Taron tattalin arziki na sashen jami'a: in biya kuɗin rajista ko in haƙura?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Samaru, ina digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Na ga sanarwar wani taron ƙara wa juna sani da sashen tattalin arziki na wata jami'a zai shirya. An ce a tura tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙala, kafin ƙarshen wata, kuma har ɗalibai sai sun biya kuɗin rajista. Abokaina sun ce asarar kuɗi ce, satifiket kawai ake sayarwa don malamai su samu ƙarin girma. Ni kuwa bincikena bai kai rabi ba, ga hannu babu nauyi. Shin akwai amfani in shiga? In akwai, yaya zan shirya?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa: ko taron ya ci kuɗinsa, da kuma ko wanda aikinsa bai nuna ba yana da abin kaiwa. Ta biyun ba ta da wuya. Aikin da bai ƙare ba shi ne kayan taro, domin shi ne ake iya gyarawa, tun ran gini ran zane. Ta farkon kuwa a kan abu guda ta rataya: shin akwai wanda zai karanta maƙalarka tun kafin ka miƙe, ya zo da shirin tone kurakuranta? In akwai, ko rance ne ka ci ka biya. In babu, abokanka sun fi kusa da gaskiya. Tunda sanarwar ba ta gabana, ba zan yanke wa wannan taron hukunci ba, amma zan ba ka abin da za ka auna shi da kanka.

Dalilin yin taron tun asali

A fanninmu maƙala ba ta fita daga kan tebur ta faɗa mujalla kai tsaye. Tana fara rayuwa a matsayin daftari, a gabatar da ita a ƙaramin zaman sashe, a kai ta taro ɗaya ko biyu, a yi ta yanka da ɗinki, sannan a tura wa mujalla, inda masu tantancewa za su iya riƙe ta shekara guda ko fiye. Taro shi ne matakin tsakiya. Haka ake yi a taron da cibiyar nazarin tattalin arzikin Afirka ta jami'ar Oxford ke shiryawa kowane watan Maris, haka kuma ƙungiyar binciken tattalin arzikin Afirka ta AERC da ke Nairobi, wadda aka kafa a 1988, take tara matasan masu bincike sau biyu a shekara su gabatar da aikin da ke hannunsu a gaban manya. A nan gida, Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Najeriya, wato NES, tun 1957 take, tana da taronta na shekara da mujallarta. Tarukan sassan jami'a ƙannen waɗannan ne, kuma in an yi su da kyau sun fi dacewa da ɗalibi, saboda kusa suke, kuɗinsu bai kai na manyan ba, mutanen da za ka gani kuma su ne za ka ci gaba da gani.

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan harka. Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take, kuma waɗanda suka ga shekarun 1980 sun san yadda zaurukan lacca na Samaru da Kongo suke cika idan za a yi muhawara kan matsalar tattalin arzikin ƙasa. Lokacin ne gwamnatin Babangida ta buɗe mahawarar karɓar bashin IMF a 1985, aka ce ba a so, sai kuma ga shirin SAP na yi wa tattalin arziki garambawul a 1986. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman masanin tarihi ne, ba ɗan sashenmu ba, amma ya shiga wannan fagen ya hana masu lissafi sakat. Abin da nake so ka ɗauka daga nan shi ne, mutane suna zuwa ne don a yi gardama, kowa da hujjarsa a rubuce.

To amma akwai wasu dalilan, kuma abokanka ba ƙarya suka yi ba. Malamin jami'a ba ya hawa daga mataki zuwa mataki sai da wallafe-wallafe, halartar taro da gabatar da maƙala kuma suna cikin abin da ake ƙirgawa. Sashe yana son a ji sunansa. Yana kuma fatan in an cire kuɗin zaure, da man janareto, da buga littafin tsakure, da jaka, da abinci, da masaukin babban baƙo, a samu ɗan rara da za a buga mujallar sashe. Babu laifi a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Laifin yana zuwa ne idan suka zama su ne taron. Da zarar kwamitin shiri ya ga cewa kowane tsakure da ya ƙi karɓa kuɗin rajista ne ya tafi, sai hannu ya yi sanyi wajen ƙin karɓa. Na zauna a irin waɗannan kwamitoci, na san yadda ma'aji ke kallon mai tantancewa idan ya ce kashi kaza na abin da aka turo bai cancanta ba.

Yadda ranar take tafiya

Ranar farko, a yawancin tarukan da na halarta a jami'o'i daban-daban, ta manyan baƙi ce. An sa ƙarfe tara, ba a farawa sai babban baƙo ya iso. Addu'a, taken ƙasa, gabatar da waɗanda ke babban tebur, jawabin maraba, jawabin shugaban tsangaya, saƙonnin fatan alheri, sannan babbar maƙala. Kafin a ɗauki hoto an kira azahar. Kada ka raina babbar maƙalar idan mai ita ya san aikinsa, musamman wanda ya taɓa zama a Babban Banki ko ma'aikatar kuɗi, domin yakan faɗi abin da ba ya cikin littafi. Amma ba don ita ka biya ba.

Abin da ka biya dominsa yana cikin ƙananan zaman da ake rarrabawa azuzuwa bayan cin abinci. Ga yadda lalataccensa yake: mutum goma sha wani abu a jerin masu gabatarwa, awa biyu kacal, masu sauraro kuma su ne masu jiran layi, kowa kansa a kan takardarsa yana bitar abin da zai faɗa. An ɗauke wuta, majigi ya mutu, shugaban zama ya ce kowa minti biyar. Mai magana ya cinye huɗu a kan ma'anar hauhawar farashi, a gaban mutanen da ke koyar da ita. A tafa, a ce a ajiye tambayoyi sai ƙarshe, ƙarshen kuma la'asar ta yi, kowa ya nufi teburin karɓar satifiket. Wanda ya fito daga wannan ɗaki da maƙalarsa ya shiga, da ita ya fita, ko waƙafi bai canza ba.

Ga kuma na kirki, wanda shi ma na gani. Wani ɗalibi ya gabatar da bincike kan yadda farashin masara ke tashi tsakanin kaka da tsakiyar damina, ya bi kasuwar Giwa da wasu kasuwannin ƙauye yana rubuta kuɗin buhu. Ya yi lissafi ya ce mai ajiya yana cin riba mai yawa, don haka a ba manoma rance su daina sayarwa da kaka. Mai ta'aliƙi, wato wanda aka naɗa ya karanta maƙalar ya yi sharhi a kanta, wani dattijo daga ɓangaren tattalin arzikin noma, ya zo da kwafin maƙalar duk ya zane ta da jan biro. Bai taɓa lissafin ba tukuna. Ya ce, buhun nan da kake magana, tiya nawa ne a cikinsa? Ka auna a sikeli, ko ka ɗauka duk buhu buhu ne? Masarar kaka da ɗanyantaka take zuwa, in ta bushe nauyi ya ragu, ina ka sa wannan? Kuɗin maganin ƙwari fa, da hayar sito, da ɗan dako, da abin da gorgoji zai ci? Sannan shekara ɗaya ka bi, me za ka ce da shekarar da farashi ya faɗi bayan mutane sun ajiye? Yaron ya yi gumi, amma cikin minti goma an ba shi aikin da zai mai da kundinsa abin karantawa. Wannan shi ne taro. Sauran duk biki ne.

Kuma kada ka ɗauka wai ƙananan mutane ne kaɗai ke buƙatar a duba su. A 2010 manyan masana biyu na Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da binciken da ya ce idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa, bunƙasa tana durƙushewa. 'Yan siyasa suka yi ta kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibin jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, ya karɓi alƙalumansu ya sake lissafin, ya tarar an tsallake wasu ƙasashe a cikin jadawalin Excel, ban da wasu zaɓe-zaɓen da suka karkatar da sakamakon. In wannan ya sami farfesoshi, ni da kai ba mu da dalilin gudun mai jan biro.

Ka bincika kafin ka biya

Ka sake karanta sanarwar. Bayan tsakure, an sa ranar turo cikakkiyar maƙala? In tsakure kaɗai ake nema har ranar taro, babu wanda zai karanta aikinka, domin ba a ta'aliƙi a kan sakin layi ɗaya. Ka duba kuma wanne ke gaba, karɓa ko biya. Taron da ya ce ka haɗo shaidar biyan kuɗi tare da tsakure ya riga ya gaya maka yadda yake tantancewa. Ƙananan jigogin ma suna magana: idan ka ga an jero tun daga manufar kuɗi har zuwa adabi da kimiyyar harhaɗa magunguna, an baza koma ce don a kama kowa. Alkawarin cewa duk maƙalar da aka gabatar za a buga ta a mujalla cikin 'yan makonni shi ma ba abin murna ba ne.

Mafi sauƙi daga duka, ka kira lambar da ke jikin sanarwar, ka yi gaisuwa, ka tambaya cikin ladabi: mutum nawa ne a kowane zama, minti nawa ake ba mutum, kuma ana naɗa mai ta'aliƙi? Ka nemi littafin taron bara a wajen wani da ya je, ka ga ko an buga shi ma. Ka kuma je wurin malamin da ke duba aikinka tun kafin ka tura komai. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Binciken digiri yana ƙarƙashin kulawarsa, bai kamata ya ji a bakin wani cewa ɗalibinsa ya fita da shi ba, kuma shi ya fi ka sanin waɗanda suka shirya taron.

Wani abin lura ƙarami: ranakun tarukan jami'a a ƙasar nan suna motsi. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka. In taron a wani gari ne, kada ka kashe kuɗin mota da masauki sai ka tabbatar.

Me za ka kai

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ɗalibanmu suka fi zubewa. In ka buɗe littafin tsakure na kowane taron tattalin arziki a ƙasar nan, take iri ɗaya ne ke maimaita kansa: tasirin abu kaza a kan bunƙasar tattalin arzikin Najeriya, daga 1981 zuwa bara. An kwaso alƙaluman shekara-shekara daga kundin Babban Banki, an zuba a manhajar lissafi ta EViews, an danna hanyar ƙididdigar da ake kira ARDL, an kwafo jadawali, an rufe da shawarar cewa gwamnati ta ƙara himma. Hanyar ba haramun ba ce. Matsalar ita ce shekara arba'in da 'yan kai lamba arba'in da 'yan kai ce kawai, ka ɗora mata abubuwa shida ko bakwai kana neman ta gaya maka wanne ya jawo wanne. Ba za ta iya ba.

Su kansu alƙaluman ba miƙaƙƙen layi ba ne. A 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take auna GDP, wato jimillar abin da ƙasa ke samarwa, da ita daga 1990 zuwa 2010, nan take girman tattalin arzikin ya tashi zuwa wajen dala biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu ba tare da an ƙara ko kwano ɗaya na hatsi ba. Hauhawar farashi a Disamban 2024 kashi 34.80 aka sanar, a Janairun 2025 aka ce 24.48, ba don kaya sun sauko a kasuwar Sabon Gari ba, sai don an sabunta ma'aunin. Farashin canji ma haka: tsarin kafin 1986 daban, na bayanta daban, ga kuma shekarun da farashin gwamnati da na 'yan canji suka yi hannun riga, har aka haɗe farashin canjin gwamnati daban-daban wuri guda a Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu. Duk mai ta'aliƙin da ya san aikinsa, tambayarsa ta farko ita ce yaya ka yi da waɗannan karaya. Ka shirya amsa, ko ka rage tsawon shekarun, ko ka nemi alƙaluman wata-wata.

Da ni ne kai, ina zaune a Samaru, ƙaramar tambaya zan ɗauka wadda zan iya takawa in gani. A shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka bi gidajen manoma a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna komawa a kai a kai suna rubuta aikin da aka yi da abin da aka girbe. Suka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da malaman gona na lokacin ke ɗauka ci baya ne, dabara ce mai rage kasada kuma mai biyan manomi. Ƙauyuka uku ne, amma har yau ana ambaton aikin a duniya. Irin waɗannan tambayoyi suna nan birjik: yadda ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sauya cinikin masu POS, yadda kuɗin mota daga Kwangila zuwa Samaru ya bi farashin fetur, wa ke ba mai kayan miya bashi kuma a kan wane sharaɗi. In ba ka da kuɗin fita fili, akwai binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010, wanda ke komawa gidajen da ya fara bi zagaye bayan zagaye. Kyauta ake sauke shi a intanet, gidaje dubbai ne, kuma ɗalibanmu kaɗan ne ke taɓa shi. A nan zan yarda cewa ni ɗan ɓangaren noma da gidaje ne, zuciyata can ta karkata. Masu nazarin manufar kuɗi suna da aiki na gaske da alƙaluman ƙasa, in can kake, ka nemi shawararsu kan hanya.

Tsakuren kansa bai wuce abu huɗu ba: tambayar, alƙaluman da inda ka samo su, hanyar, da abin da ka gano zuwa yanzu. Tunda ba ka gama ba, ka faɗi sakamakon farko ka ce na farko ne. Kada ka rubuta abin da ba ka gano ba tukuna don tsakure ya yi kyau.

Ranar gabatarwa, ka ɗauka minti goma gare ka ko da an ce sha biyar. Minti na farko ka faɗi tambayar da amsar. Bitar ayyukan magabata ka taƙaita ta ƙwarai, kowa ya san ka karanta. Jadawali ɗaya da za a iya gani daga bayan aji ya fi biyar da aka kwafo daga kwamfuta da ƙananan lambobi, kuma ka fassara lambar zuwa naira ko buhu ko kwana, yadda za a san girmanta. Ka buga wannan jadawalin a takarda kwafi da yawa saboda wuta. Ka gwada a gaban abokanka da agogo. Idan aka fara suka, ka fito da biro, ka rubuta, ka yi godiya, ka amsa wadda kake da amsarta, wadda ba ka da ita ka ce za ka duba. Wani malamin zai yi maka tsawa don a san yana wurin. Ka tsinci abin amfani a maganarsa ka bar sauran. Bayan an tashi ka bi wanda ya fi matsa maka, ka roƙi izinin tura masa gyararren aikin.

Kuɗi da wallafa

TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, tana tallafa wa ma'aikatan manyan makarantun gwamnati su halarci taro, don haka in kana koyarwa a kwaleji ko jami'a ka tambayi ofishin da ke kula da wannan a makarantarku. Ɗalibi zalla kuwa, hanyoyinsa su ne rangwamen ɗalibai, ko haɗa maƙala da malaminsa ko abokinsa a raba kuɗin, ko ya je ya ce zai taya kwamiti aiki, kamar rubuta rahoton zama ko rajistar baƙi. Sau da yawa masu wannan aikin ba sa biya. In duk bai yiwu ba, kuma taron a nan gari ne, ka je ka saurara. Ba kasafai ake korar ɗalibi daga ƙaramin zama ba, sai dai ba jaka ba satifiket. Shi satifiket ɗin, in ba aikin koyarwa kake yi ko kake nema ba, amfaninsa kaɗan ne.

Sai ka yi hattara da kundin maƙalolin taro. Mujallu da yawa ba sa karɓar aikin da aka riga aka buga cikakkensa a wani wuri, manhajar gano satar fasaha kuma za ta nuna rubutunka na kundin a matsayin kwafi, har a lokacin da ka miƙa kundin digirinka. Saboda haka kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka tambayi kwamitin ko za ka iya gabatarwa a buga tsakure kaɗai, cikakkiyar maƙalar kuma ta zauna a hannunka har ka gyara ta. Yawanci suna yarda. In sun ce dole sai an buga duka, ka koma wurin malaminka ku yanke shawara tare, ko ka ba su wani ɓangare na aikin da ba shi ne ƙashin bayan kundinka ba.